Waƙar Bessie Smith da ta riga ambaliyar Misisipi isowa



Ranar 17 ga Fabrairun 1927, a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Columbia da ke birnin New York, wata mata baƙar fata mai shekara talatin da 'yan kai ta tsaya a gaban makirfo, wani mutum guda yana zaune gefe a gaban fiyano. Babu masu busa, babu ganga, babu 'yan amshi. Matar ita ce Bessie Smith, makaɗin kuwa James P. Johnson. Cikin minti uku da ɗoriya suka kammala waƙar nan mai suna Back-Water Blues, wadda har gobe tana cikin waƙoƙin buluz da malaman tarihi da na adabi a Amurka ke kunna wa ɗalibansu. Sai dai labarin da aka daɗe ana bayarwa game da asalinta yana da gyara, kuma wannan gyaran ne ya sa ta ƙara daraja a aji.

Waƙar baiti bakwai ce, mace ce ke ba da labari da bakinta. An jera kwanaki ana ruwa, gari ya yi duhu. Ta wayi gari ruwa ya tare mata hanyar fita, aka zo da ƙaramin kwale-kwale aka ɗauke ta da 'yan komatsanta. Can gaba sai ga ta a kan tudu tana hangen wurin da gidanta yake a da. Shi ke nan. Ba ta ambaci sunan gari ba, ba ta ambaci sunan kogi ba, ba ta ɗora wa kowa laifi ba. Shi kuwa Johnson, wanda ya shahara da tsara kiɗan rawar Charleston, kuma shi ya koya wa Fats Waller sana'a, a nan ya ajiye burga gefe. Hannunsa na hagu yana ta gurnani a ƙasa, na dama yana zubo sauti ɗiɗɗiga-ɗiɗɗiga, har mai sauraro ya ji tsawa da yayyafi ba tare da an gaya masa ba.

A lokacin babu mawaƙiya baƙar fata da ta kai Bessie kasuwa. An haife ta a Chattanooga ta jihar Tennessee a 1894, ta tashi marainiya, tana waƙa a bakin titi, ɗan'uwanta Andrew na kaɗa mata jita, masu wucewa na jefa musu kwabbai. A 1912 ta shiga wata ƙungiyar 'yan wasa masu yawo gari-gari inda ta haɗu da Ma Rainey, uwar wannan fage. Faifanta na farko da Columbia, Downhearted Blues na 1923, ya sayu dubu ɗaruruwa. Kafin a je ko'ina ta mallaki taragon jirgin ƙasa nata na kanta, wanda ita da jama'arta ke kwana a ciki, domin a Kudancin Amurka na wancan zamani kuɗinka ba ya buɗe maka ƙofar otal idan fatarka baƙa ce.

Wata biyu bayan ɗaukar waƙar, Amurka ta ga ambaliyar da ba ta taɓa ganin irinta ba. Tun watan Agustan 1926 ake ta tafka ruwa a tsakiyar ƙasar, ƙasa ta sha ta ƙoshi, kogunan da ke zuba cikin Misisipi suka cika maƙil. Injiniyoyin soja da ke kula da kogin sun dogara ne kacokan ga jinga, wato tudun ƙasar da aka gina a gaɓoɓinsa biyu na tsawon ɗaruruwan mil, har a 1926 suka ba da tabbacin cewa jingar ta isa ta tsare jama'a. Ranar 21 ga Afrilun 1927 jingar ta ɓalle a Mounds Landing, arewa da garin Greenville, ruwa ya kwararo cikin gonakin auduga. Kafin ya janye ya mamaye fili mai faɗin murabba'in mil 27,000, ya raba mutum sama da 600,000 da muhallinsu. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 246 ne suka rasu, masana da dama kuwa na ganin adadin ya zarce haka nesa. A kudu da New Orleans, ranar 29 ga Afrilu, da gangan aka sa nakiya aka fasa jingar Caernarvon domin a rage wa birnin nauyi, aka tura ruwan kan talakawan St. Bernard da Plaquemines.

Faifan Bessie yana cikin shaguna a daidai wannan lokaci. Duk gidan da ke da garmaho a unguwannin baƙar fata, daga Memphis har Shikago, ana jin muryarta tana ba da labarin ruwa da kwale-kwale, jaridu kuma na buga hotunan ruwa da kwale-kwale. Wa zai tsaya tambayar ranar da aka ɗauki waƙa? Jama'a suka ɗauka tasu ce, kuma game da abin da ya same su aka yi ta. Sauran kamfanoni suka yi rububin fitar da waƙoƙin ambaliya. Lonnie Johnson ya sake rera ta Bessie a watan Mayu, Barbecue Bob da Blind Lemon Jefferson kowa ya fitar da tasa a shekarar. Bayan shekaru, mawaƙi Big Bill Broonzy ya riƙa shaida wa masu kallonsa cewa gasa aka shirya wa mawaƙa a kan ambaliyar, Bessie ta cinye. Labari ne mai daɗin ji, amma littafin ajiyar kamfanin Columbia ya ƙaryata shi, domin Fabrairu tana gaba da Afrilu. Duk da haka littattafai da bayanan da ake bugawa a bayan faifai suka ci gaba da haɗa waƙar da ambaliyar Misisipi shekara da shekaru.

To, wane ruwa Bessie ta gani?

Bakin zaren farko yana cikin littafin tarihin rayuwarta da Chris Albertson ya wallafa a 1972. A ciki Maud Smith, matar yayan Bessie, wadda ta yi yawon wasa tare da ita, ta ba da labarin wani gari da suka sauka suka tarar ruwa ya ci shi, har sai da aka kwashe su a kwale-kwale, aka sauke su a gidan masu sana'ar shirya gawa, abin da ya tayar wa Bessie hankali matuƙa. Mutanen da ruwa ya kora suka roƙe ta ta yi musu waƙar ambaliya, ita kuwa ba ta da ita. Da suka koma gida Philadelphia sai ta zauna ta tsara. An daɗe ana zaton wani gari ne a gaɓar kogin Ohio. Sai a 2007 Farfesa David Evans na Jami'ar Memphis, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a binciken buluz, ya wallafa sakamakon bin diddigin da ya yi a mujallar Popular Music. Ya bi jaridun lokacin yana duba inda ƙungiyar Bessie take mako bayan mako, ya gwama da rahotannin ambaliya. Sawun ya kai shi Nashville, babban birnin jiharta ta haihuwa. Kogin Cumberland ya yi ambaliya a can a ranakun Kirsimetin 1926, ranar 1 ga Janairun 1927 tsayin ruwan ya kai ƙafa 56.2, matsayin da bai sake kaiwa ba har yau, ko a babbar ambaliyar 2010. Dubban mutane suka rasa matsuguni, da yawansu baƙar fata mazauna kwari. A ƙarshen wannan Disamba kuwa Bessie na da wasa a gidan wasa na Bijou da ke birnin. Ashe ganau ce, ba jiyau ba.

Aikin Evans abin a yaba ne, domin bai rage wa waƙar komai ba, ya ma mayar mata da marubuciyarta. Muddin ana cewa don ambaliyar Afrilu aka yi ta, to Bessie ta zama 'yar kasuwa da ta ga labari a jarida ta yi wuf ta kama. Gaskiyar kuwa ita ce mace ce da ta zauna cikin waɗanda ruwa ya kora, suka nemi abu a wurinta, ta tafi da buƙatarsu a zuci, cikin mako bakwai ta biya.

Kuma waɗanda suka ɗauki waƙar tasu ce ba su yi nisa da gaskiya ba, wannan ma darasi ne na labarin ƙasa da malami zai iya zanawa a allo. Cumberland yana zuba ne cikin Ohio, Ohio kuma ya haɗu da Misisipi a garin Cairo na jihar Illinois. Daminar da ta cika Nashville a Disamba ita ce ta ci gaba har ta fasa jinga a Afrilu. Idan babban kogi ya cika ya ƙi karɓar ruwan ƙananan da ke zuba cikinsa, sai ruwansu ya juya baya ya bazu cikin kwari. Irin wannan ruwan ba ya zuwa da ƙara, a hankali yake hawa, kuma gidajen da ke ƙasa-ƙasa yake fara ci. Wa ke zaune a can? Wanda ba shi da kuɗin fili a kan tudu, ko wanda doka da al'ada suka hana shi zama a can ko da yana da kuɗin.

Shigar buluz makarantun Amurka ba daɗaɗɗen abu ba ne. An daɗe ana yi wa kiɗan kallon kayan mashaya, har a cikin majami'un baƙar fata akwai masu kiransa kiɗan shaiɗan. A 1978 Billy Branch, mai busa hamonika a Shikago, ya fara shiga azuzuwa yana koya wa yara a ƙarƙashin shirin da aka sani da Blues in the Schools. Majalisar dattawan Amurka ta ayyana 2003 a matsayin shekarar buluz, tashar talabijin ta PBS ta nuna finafinai bakwai a kan kiɗan ƙarƙashin jagorancin Martin Scorsese, aka kuma haɗa musu jagorar malamai. Daga nan darussan da aka gina a kan waƙoƙi irin na Bessie suka yawaita.

Abin da malamai suka fi saurin kamawa shi ne zubin waƙar, domin yana da sauƙin koyarwa. Kowane baiti layi uku ne: a faɗi na farko, a maimaita shi, na uku ya zo da amsa ko ya juya maganar. Kiɗan awo goma sha biyu ne, huɗu ga kowane layi, kuma mawaƙiya ba ta cinye awon duka, takan bar rabi ga makaɗi. Mai sauraron da ya saba da waƙar Hausa zai gane wannan nan take, domin aikin da 'yan amshi ke yi wa zabiya shi fiyanon Johnson ke yi wa Bessie. Da yaro ya fahimci wannan tsari sai a ce ya rubuta baitinsa. Malamin adabi kan ƙara da waƙoƙin Langston Hughes, wanda littafinsa na farko, The Weary Blues, ya fito a 1926, don ɗalibai su ga yadda zubin ya tashi daga bakin mawaƙa ya hau takarda.

Hanya ce mai kyau ta buɗe ƙofa, amma idan aka tsaya a nan an yi asara. Yara za su cika allo da baitocin kukan aikin gida da na tashin asuba, a yi dariya a watse, su tafi da zaton cewa buluz wata dabara ce ta yin ƙorafi da kari. Waƙar Bessie ta fi ƙarfin haka, kuma malamin da ya san abin da yake riƙe da shi zai ajiye wa ɗalibai takardu uku a gabansu: ranar ɗaukar faifan, ranar ɓallewar jinga, da shafin wani littafi da ya ce don ambaliyar Misisipi aka yi waƙar. Ba sai ya ce komai ba. Ɗalibin da ya gano da kansa cewa littafi bugagge ya yi kuskure, kuma kwanan wata biyu kacal suka tona shi, ya koyi abin da sa'o'i na lacca a kan tantance majiya ba za su koya masa ba. Tambayar da ke biyo baya ta fi wuya: idan dubban mutanen da abin ya shafa sun rungumi waƙar a matsayin labarinsu, shin ta zama shaidar tarihinsu ko ba ta zama ba? Mai wannan sharhi na ganin ta zama, amma shaida ce ta yadda suka ji, ba ta abin da ya faru a rana kaza ba, kuma raba waɗannan biyu shi ne aikin ɗan tarihi.

Sai kuma abin da waƙar ta yi shiru a kai. A Greenville, baƙar fata kimanin 13,000 aka tara a kan jinga cikin tantuna, sojojin jiha na gadinsu da bindiga. William Alexander Percy, wanda ke shugabantar aikin agaji a garin, ya nemo jiragen ruwa don a kwashe su. Masu manyan gonaki suka ƙi, domin waɗannan su ne 'yan noma-mu-raba da ke yi musu auduga, yawancinsu da bashi a wuya, kuma an san idan suka tafi ba za su dawo ba. Mahaifinsa, tsohon sanata LeRoy Percy, ya goyi bayan masu gonakin, jiragen suka tashi da 'yan tsirarun mata da yara farare. Aka tilasta wa mazan sauke kayan agaji ba lada, abinci ya zama sai wanda ya yi aiki. A watan Yuli wani ɗan sanda ya harbe James Gooden saboda ya ƙi komawa aiki bayan ya kwana yana yi. Herbert Hoover, sakataren kasuwanci da ke jagorantar agajin tarayya, ya naɗa kwamitin baƙar fata ƙarƙashin Robert Moton na makarantar Tuskegee, kwamitin ya kawo rahoton cin zarafi, aka rufe maganar da alkawuran da ba a cika ba, Hoover ya ci zaɓen shugaban ƙasa a 1928. Da ruwa ya janye, dubbai suka kama hanyar Shikago da sauran biranen arewa.

Ba ɗaya daga cikin wannan a bakin Bessie, domin lokacin da ta yi waƙar bai faru ba tukuna. Shi ya sa ya kamata a jera ta da High Water Everywhere ta Charley Patton, ɗan yankin da ruwan ya ci, wanda ya ɗauki tasa a 1929. Patton yana kiran garuruwa da sunansu ɗaya bayan ɗaya, Greenville da Leland da Rosedale da Vicksburg, har ya yi nuni da cewa an hana shi hawa tudu. Tasa taswira ce, ta Bessie kuwa kowa na iya shiga cikinta, kuma wannan ne ya sa ta fi yaɗuwa. Angela Davis, a littafinta na 1998 kan mawaƙan buluz mata, ta karanta waƙar Bessie a matsayin koke na al'umma, tana mai cewa masu sauraron farko sun san sarai su wane ne ke zaune a kwari ba sai an faɗa musu ba. Ɗalibin yau bai sani ba, sai malami ya kawo masa.

Akwai kuma batun harshe. Turancin Bessie na baƙar fatar Kudu ne, ba na littafin nahawu ba, kuma malamin da ya ɗauki jan biro ya fara gyara mata ya ɓata darasin. Marubuci James Baldwin ya faɗi cewa bai taɓa sauraron Bessie a Amurka ba, sai da ya je wani ƙauye a tsaunukan Suwizalan da faifanta biyu da keken rubutu, muryarta ta dawo masa da yadda ake magana a gidansu, a can ya kammala littafinsa na farko, Go Tell It on the Mountain, da ya fito a 1953. Da Studs Terkel ya yi hira da shi a gidan rediyon WFMT na Shikago a 1961, da wannan waƙa ta ambaliya aka buɗe shirin.

Darussan buluz kan taɓo Afirka, kuma a nan kunnen Bahaushe zai tashi. Gerhard Kubik, masanin kiɗa ɗan ƙasar Ostiriya, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya kafa hujja cewa wasu siffofin buluz na karkara, irin su jan murya da lanƙwasa ta da waƙar mutum ɗaya da abin kiɗa mai tsirkiya, sun fi kama da na yankin Sahel fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Cikin misalansa har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauka a Kamaru a 1964. Fim na farko a jerin Scorsese ma ya bi mawaƙi Corey Harris har Mali wurin Ali Farka Touré. Dangantakar gaskiya ce, amma kada a ja ta fiye da ƙima. Back-Water Blues waƙar birni ce, ta dandalin wasa da fiyano, mace Ba'amurkiya ta tsara ta game da ruwan Tennessee, kuma ɗalibi ya cancanci a nuna masa ita a haka.

Bessie ta rasu ranar 26 ga Satumban 1937 bayan haɗarin mota a kan hanya mai lamba 61 kusa da Clarksdale ta jihar Misisipi, kabarinta kuma ya zauna ba alama har 1970, lokacin da mawaƙiya Janis Joplin da Juanita Green suka biya kuɗin dutsen. Waƙar ta ci gaba da yawo a bakin Dinah Washington da LaVern Baker da wasu. A 2005, da guguwar Katrina ta fasa shingayen New Orleans, Irma Thomas, wadda ruwan ya ci gidanta da gidan wasanta, ita ta rera a faifan tara gudummawa mai suna Our New Orleans. Malami na iya farawa daga Katrina, tunda ita ce ta fi kusa da ɗalibai, sannan ya koma baya zuwa 1927.

Ta fuskar doka ma hanya ta buɗe. Tun ranar 1 ga Janairun 2023 kalmomi da karin waƙar suka fita daga haƙƙin mallaka a Amurka, don haka makaranta na iya buga su, ta rera su a taron iyaye, ko ta sa ɗalibai su sake musu tsari ba tare da neman izinin kowa ba. Ainihin muryar Bessie da fiyanon Johnson da ke kan faifan Columbia kuwa, wata dokar Amurka ta 2018 ta ba su kariyar shekara ɗari, sai farkon 2028 za su zama na kowa.